Me ya sa cikin ƙasa ya kasu hawa-hawa?

Malam Sani: Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Jidda muke. Dakta Rabi, rami mafi zurfi da aka taɓa haƙawa shi ne na Kola a Rasha, kilomita 12 da ɗoriya. Cibiyar duniya kuwa tana zurfin kilomita 6,371. To wa ya leƙa ya ga hawa-hawan nan?

Dakta Rabi: Ba wanda ya leƙa, Malam, ƙwanƙwasawa aka yi irin ta mai sayen kankana. Girgizar ƙasa na aika motsi iri biyu cikin ƙasa. Ɗaya yana ratsa dutse da ruwa, ɗayan kuwa da ya iske abu narkakke sai ya tsaya cak. Da aka ga na biyun ba ya ɓulla a ɗaya gefen duniya, sai aka gane akwai narkakken ƙarfe daga zurfin kilomita 2,900. A 1936 kuma Inge Lehmann, 'yar ƙasar Denmak, ta gano akwai daskararren curi a can tsakiya.

Injiniya Bello: Dalilin rabuwar kuma nauyi ne. Kun ga yadda ake rege gero a ƙwarya? Tsakuwa ta kwanta a ƙasa, dusa ta taso. Shekaru wajen biliyan 4.5 da suka wuce duniya ta narke saboda karon duwatsun sama da zafin da wasu sinadarai ke fitarwa. Ƙarfe da nikel suka nutse tsakiya, dutse mara nauyi ya taso ya zama ɓawo. Ɓawon nan siriri ne ƙwarai, kilomita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin teku, 30 zuwa 50 a tudu.

Malam Sani: Amma curin tsakiya ai ya fi ko'ina zafi, ya wuce digiri 5,000. Ya aka yi bai narke ba?

Injiniya Bello: Danniya ce. Nauyin duk abin da ke samansa ya matse shi har ya hana shi narkewa.

Malam Sani: Ke nan aman wutar da ya auku kusa da Madina a 1256 miladiyya, a filin duwatsun da ake kira Harrat Rahat, daga wancan narkakken ƙarfen ya fito?

Dakta Rabi: A'a, nan mutane ke kuskure. Abin da ke tsakanin ɓawo da ƙarfen dutse ne daskararre, sai dai yana motsi a hankali, 'yan santimita a shekara. In ya taso sama danniya ta ragu, sai kaɗan daga cikinsa ya narke. Yammacin Saudiyya na da irin wannan domin ƙasar yankin Larabawa da ta Afirka na ja da baya da juna a Bahar Maliya.

Injiniya Bello: Narkakken ƙarfen kuwa aikinsa daban. Juyawar da yake yi ce ke haifar da maganaɗisun duniya, wanda allurar kamfas ɗin duba alƙibla ke bi.

Malam Sani: Wato ƙarfen da ke zurfin kilomita 2,900 ne ke juya allurar da ke tafin hannun alhaji?

Dakta Rabi: Shi ne, Malam.