Kansar jini ta LMC, matakanta da maganinta

Wannan lacca wani likita ya yi ta a Maradi gaban ɗaliban aikin jinya da wasu iyalan majinyata, mun rubuto ta daga abinda aka ɗauka a waya.

Assalamu alaikum jama'a, iyayenmu da ke zaune can baya sannunku da zuwa. Cutar da zamu yi magana a kai yau a takardar likita za ku ga an rubuta LMC, kansar jini ce mai tafiya sannu sannu, kuma daga ɓargo take tashi, can inda ake yin jini. Ba gado ba ce, ba a ɗaukarta wajen mutum, ba jifa ba ce kuma. Wasu zaren halitta guda biyu ne da ake kira kromozom, na 9 da na 22, suke musayar guntaye, sai a samu abinda aka sa ma suna Filadelfiya don a wannan birni na Amurka aka gano shi a 1960. Shi ke sa ɓargo ya yi ta zubo fararen ƙwayoyin jini ba tsayawa, kamar pampon da kansa ya lalace ya ƙi rufuwa.

Mataki uku gare ta. Na farko shi ne mai jinkiri, yawancin mutane a nan ake gano su, ƙwayoyin jinin da ba su ƙosa ba ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. To nan nake so ku saurare ni da kyau, ɗalibai. Mutum zai zo da kasala, rama, zufa cikin dare, ya ci tuwo loma kaɗan ya ji ya ƙoshi, gefen cikinsa na hagu ya yi nauyi saboda saifa ta kumbura, mu kuma nan ƙasarmu da mun taɓa saifa sai mu ce palu ce, wato zazzaɓin cizon sauro, a ba shi magani ya koma gida, ya dawo a sake ba shi, daga nan a kai shi wajen wanzami a yi mashi tsaga ko ƙaho a ciki. Wallahi wannan yana cin raina, don gwajin jini guda ɗaya, NFS ɗin nan da ake yi a labo, zai nuna fararen ƙwayoyi sun yi yawan da ya wuce hankali. Babba mai saifa wadda ta ƙi sauka bayan maganin palu, ku tura shi gwaji.

A mataki na biyu cutar ta fara gudu, ƙwayoyin nan da ba su ƙosa ba sun kai kashi 10 zuwa 19. Na uku, daga 20 zuwa sama, ta rikiɗe ta zama mai tsanani, zazzaɓi, zubar jini, ciwon ƙashi, kuma magani a nan da wuya sosai.

Abin godiya, tun 2001 aka fito da imatinib, wanda ake sayarwa da sunan Glivec. Ƙwaya ce ta haɗiya, galibi miligram 400 a rana, da abinci da ruwa kofi cike, tana zuwa ta toshe ainihin sinadarin da ke ba ɓargo umurnin ya yi ta zubo fararen ƙwayoyi. Wanda aka kama a matakin farko kuma yana sha kullum, yana iya rayuwa kusan kamar kowa, ya yi noma, ya je kasuwa. In bai yi aiki ba akwai wasu magunguna, dasatinib, nilotinib, ponatinib, sai dashen ɓargo ga wasu. Maganin da ake kira hydroxyurea kuwa rage yawan ƙwayoyin kawai yake, ba ya taɓa tushen.

Amma kullum fa nake cewa. Baba, ko ka ji garau, ko saifar ta koma, kada ka ajiye, tsallake kwanaki shi ke ba cutar dama ta gagari maganin. In fatar ido ta kumbura ko ƙafa na ɗaurewa ko tashin zuciya, a zo a faɗa mana. Gwajin PCR, mai auna sauran cutar a jini, ana yin shi duk wata 3 a farko, shi ke nuna ko ana cin nasara. Lokacin azumi a zo mu gyara lokacin sha tare.

Ke kuma 'yar'uwa mai tambaya kan ciki, maganin yana iya cutar da jariri, don haka kafin ki ɗauki ciki ku zo ke da maigida mu zauna tukuna.