Toka da Zuma: kwana 19 ƙofa a rufe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Manchesta nake magana, a Ingila, ruwa na ta zuba tun asuba. Ku dubi ƙofar nan da ke bayana. Yau kwananta 19 a rufe, kuma dalilin rufe ta shi ne zancenmu na yau.

Maguna biyu gare ni, Toka da Zuma, uwa ɗaya, rana ɗaya aka haife su, shekararsu uku. Toka muzuru ne, Zuma mace. Tun suna ƙanana kwando ɗaya suke kwana, wannan ya lashi kan wancan. Ranar da na kai Zuma asibitin dabbobi aka cire mata haƙori, da yamma na dawo da ita na buɗe akwatin da na ɗauko ta a ciki a tsakar falo. Toka ya matso ya shinshina ta sau ɗaya. Sai gashin bayansa ya miƙe, wutsiya ta kumbura, ya afka mata kamar bai taɓa ganinta ba. Wallahi ranar jikina har rawa yake.

Na kira yayata a Zariya, ta ce in bar su, ai kamar yara ne, za su shirya da kansu. Yaya, na san kina kallo, ki yi haƙuri, a nan kam ban bi shawararki ba. A gida mage na da tsakar gida, da katanga, da rufin ɗaki. In rai ya ɓaci kowa ya kama gabansa. A nan kuwa ɗaki biyu ne da falo, ga tagogi a rufe saboda sanyi. Ina wanda aka kora zai je?

Kuma mage da hanci take gane ɗan uwanta. Gogar kumatun nan da suke yi wa juna, da kujera, da ƙafarki, ƙamshin gida suke haɗawa. Zuma ta dawo da warin magani da na wasu dabbobi, a wurin Toka baƙuwa ce ta shigo masa. Asalin magen gida daga magen daji ta Afirka ne, wadda ita kaɗai take farauta, ba ta yawo a garke. Shi ya sa ba su iya sulhu bayan dambe ba. Duk faɗan da aka bari ya auku, ƙara tsoro yake a tsakaninsu.

In sun kaure, don Allah kada ki sa hannu. Haƙorin mage siriri ne kamar allura, yana tura ƙwayoyin cuta can ciki, bakin ciwon ya rufe, kafin kwana ɗaya hannu ya kumbura. Wanda aka ciza ya wanke da sabulu ya nufi asibiti. Ni faffaɗan kwali na zura tsakaninsu, na jefa wa Toka bargo, na tura Zuma ɗaki. Ba duka, ba tsawa. Bayan kwana biyu ko uku a shafa jikinsu a hankali, don cizo yakan zama ƙurji a ƙarƙashin gashi. Kuma kada a kuskura a ba mage farasitamol, kashe ta yake yi.

Rufe Zuma ya dame ni ƙwarai. Na yi ta tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Don haka ɗakin nan ba kurkuku ba ne: ga abincinta, ga ruwa, ga akwatin yashinta da take fitsari da kashi a ciki, kullum nakan zauna da ita, kuma da rana ina musanya su, ita ta fito falo shi ya shiga ɗaki.

Kun ga safar nan? Da ita nake goga kumatun Zuma, in ajiye kusa da kwanon Toka. Wata safar kuma in goga nasa in kai mata. Kwana ukun farko da ya shinshina sai ya yi huci ya bar wurin. Daga baya ya daina kula safar, to alamar da ake nema ke nan. Sai na fara ba su abinci lokaci guda, shi a wannan gefen ƙofa, ita a wancan, kullum ina matso da kwanonin kaɗan. A kwana na 6 na yi gaggawa na buɗe, ya kore ta har ƙarƙashin gado, muka koma farko.

Wani abin da rigimar ta nuna mini shi ne tun kafin haƙorin akwai 'yar tsama. Toka yakan kwanta a lungun da ake bi zuwa akwatin yashi, ya kafe ta da ido, ita kuma ta juya. Ni ina ganin hutawa yake, ashe tare hanya yake. Ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce kowace mage da akwatinta, a ƙara ɗaya a kai. Yanzu uku gare ni, kowanne a wuri daban, don in an jera su wuri guda, ɗaya ne a wurinsu. Kwanonin abinci ma na raba, na kuma share saman durowa don mai son hawa sama ya hau. Na jona Feliway a bango, wata 'yar na'ura mai fitar da irin ƙamshin da ke kwantar musu da hankali, amma ban ɗora masa dukan aikin ba. Dukansu an yi musu aikin hana haihuwa tuntuni. Mai muzurun da ba a dandaƙe ba, daga nan zai fara.

Masu muzuru, ku riƙe wannan: damuwa kan taɓa musu mafitsara. In yana ta zuwa akwati yana yunƙuri fitsari ba ya fita, a daren za a kai shi likita, ba a jiran safiya.

Jiya na buɗe ƙofar faɗin yatsa biyu, na tokare ta. Suka haɗa hanci, ba gurnani, kunnuwa a tsaye, Toka ya juya ya koma kan kwanonsa. Yau da magariba zan ƙara faɗin, in Allah ya yarda, kwalina na nan kusa. Ga Zuma can ta fara kiran abinci, bari in je in zuba musu.