Kafin Mu Ce "Yaron Nan Ya Kangare"

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma shugaba, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan'uwa, barkanmu da wannan taro.

Maganar da zan yi ta shafi yaranmu da ke tasowa a nan Ingila, musamman waɗanda muke cewa ba sa ji, ko sun yi taurin kai, ko an yi musu baki. A gida, idan yaro ya fara ba da ciwon kai, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai kawu, akwai malamin allo. A nan kuwa uwa ce da uba, wannan yana aikin dare, wannan yana na rana. Binciken da hukumar lafiya ta NHS ta fitar a 2023 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin biyar, 'yan shekara 8 zuwa 16, yana da alamun matsalar da ta shafi tunani. Yaranmu ba a ware suke ba daga wannan lissafi.

Abin ba ya zuwa da suna a goshi. Ga yaro ɗan shekara 13, duk safiyar Litinin cikinsa na ciwo har da amai, ranar Asabar kuwa garau yake, yana buga ƙwallo. Sai mu ce ƙarya yake yi. Sau da yawa ciwon na gaske ne, fargaba ce ke murɗa masa ciki, kuma tushenta yana makaranta: ko ana cin zalinsa, ko karatu ya fi ƙarfinsa. Ga yarinya kuma da ta daina naɗe hannun riga a gaban kowa, ko alwala sai ta kulle banɗaki, ko da ana tsananin zafi a watan Yuli. Uwa, ki duba hannun nan cikin lallami, wataƙila yankan kanta take yi. Sannan ciwon damuwa a matashi ba lallai ya zo da kuka ba. Ya fi zuwa da saurin fushi, buga ƙofa, barci da rana da ƙin abinci.

Yaya za a bambanta wannan da ƙuruciya? Da abu uku: tsawon lokacin da ya ɗauka, wuraren da yake bayyana, da abin da ya hana yaron yi. Ƙunci da ya wuce mako biyu kusan kullum, a nemi likita. Rashin natsuwa irin na ADHD kuwa, wato larurar kasa maida hankali da kasa zama wuri ɗaya, sai ya kai wata shida, ya fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsa a wuri fiye da ɗaya, misali gida da makaranta ko Islamiyya.

Ku sayi ƙaramin littafi. Tsawon mako biyu ku riƙa rubuta kwanan wata, abin da ya faru kafin rikicin, abin da yaron ya yi, minti nawa ya ɗauka, yadda ya lafa, da awa nawa ya yi barci daren jiya. Matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10. Na nanata littafin nan ne domin ƙasar nan takarda take ji. Ganin likitan unguwa, wato GP, yawanci minti goma ne, don haka ku nemi a ba ku zama biyu a haɗe. Idan kuka ce wa likita "ba ya jin magana" kawai, wasiƙar da zai aika sashen kula da tunanin yara, wato CAMHS, za ta fita fayau, su kuma su mayar da ita. Amma idan aka rubuta ya ƙi makaranta kwana tara cikin wata guda, yana barcin awa huɗu, ya rame, to magana ta yi nauyi. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta, kyauta ne. Kada ku sa yaron ko yayarsa su yi fassara, babu ɗan da zai fassara sirrinsa a gaban ubansa.

Layin CAMHS yana iya kai watanni, saboda haka kada a naɗe hannu. Kowace makarantar gwamnati tana da malami mai kula da bukatu na musamman, ana kiransa SENCO. Ku nemi zama da shi, a rubuta abin da aka yanke. Idan taimakon makaranta bai isa ba, iyaye da kansu suna iya rubuta wa kansul, wato ƙaramar hukuma, su nemi a tantance yaro don shirin EHCP, tsarin taimako na musamman da ake rubuta wa yaro kan karatu, lafiya da kulawa. Doka ta ba kansul mako 6 ta ce za ta tantance ko a'a, da mako 20 a kammala komai. Sukan makara, ku riƙa tuna musu a rubuce.

Da yawanmu da mun ji "likitan ƙwaƙwalwa" sai asibitin Dawanau ko na Barnawa su faɗo mana a rai. A nan mafi yawan maganin zama ne da hira. Akwai CBT, inda ake koya wa yaro gane tunanin da ke tsorata shi, ya tunkari abin tsoron kaɗan-kaɗan. Ga 'yan shekara 3 zuwa 11 masu rigima, iyaye ake koyarwa, zama 10 zuwa 16. Ba zagi ba ne a ce ka je, Alhaji. Ana koyon umarni ɗaya gajere a lokaci guda, yabo nan take, da hukunci ƙarami da ba ya canzawa. Inda ake faɗuwa shi ne a mako na farko: rigimar takan ƙaru kafin ta ragu, sai iyaye su ce ba ya aiki su watsar, ko uwa ta hana, uba ya dawo ya bayar. Idan aka kai ga ƙwaya, kamar fluoxetine don ciwon damuwa, sai an yi makonni kafin a ga amfaninta, ana sa ido sosai a makonnin farko, kuma ba a yanke ta rana ɗaya, ko don azumi, sai da shawarar likita.

Addu'a da ruƙiyya babu mai hana ku, ku haɗa su da asibiti. Duka ne matsala. Sikotland ta haramta dukan yaro gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022. A Ingila ma duk dukan da ya bar shaida a jiki laifi ne. Masu tsoron a ƙwace musu 'ya'ya su sani, ma'aikacin jin daɗin jama'a ba ya ɗauke yaro da ƙarfi sai da umarnin kotu, 'yan sanda kuma iyakarsu awa 72 idan akwai haɗari. Uban da ya kai kansa neman taimako ya fi wanda makaranta ta kai ƙara kwanciyar hankali.

Batun mayar da yaro gida don ya gyaru kuwa, ku auna. Idan rashin lafiya ce, da ita zai hau jirgi, ya rasa gurbinsa a layi, ya kuma ɗauka korarsa aka yi.

Na ƙarshe, ku fito da wayoyinku. Idan yaro ya ce gara ya mutu, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa masa tunanin. Ku kulle magunguna, har farasitamol. Idan ya sha wani abu ko ya ji wa kansa rauni, ku kira 999 ko ku kai shi sashen gaggawa nan take, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Idan bai kai haka ba, ku kira 111, ku zaɓi ɓangaren lafiyar tunani. Lambar Childline ta yara ce, kyauta: 0800 1111. Ku sa musu ita a waya yau, kafin a kawo abinci.

Na gode. Wassalamu alaikum.