Flagyl ko Tinidazole: Wanne Ya Fi Kashe Trichomonas?

Hadiza: Masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau batun ciwon sanyi ne, amma nau'i guda muka ware, wanda ƙwayar Trichomonas ke haddasawa ta hanyar saduwa. Likita, yana da yawa ne haka?

Dokta Maryam: Sosai ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 156 ne suka kamu a 2020. Mace na iya ganin ruwa mai kumfa da wari, ga ƙaiƙayi. Namiji kuwa galibi ba ya jin komai.

Aminu: Kuma ita ba bakteriya ba ce, shi ya sa Ampiclox ba ya taɓa ta. Maganinta metronidazole, wato Flagyl, ko ɗan'uwansa tinidazole.

Hadiza: To Malam Aminu, kai da kake harhaɗa magani, wanne za ka miƙo?

Aminu: Ni dai tinidazole. Gram 2 sau ɗaya, shi ke nan. Ya fi daɗewa a jini, tashin zuciyarsa da sauƙi. Tsada ce matsalarsa.

Dokta Maryam: Tsaya, Malam. Mai juna biyu fa? Ita metronidazole ake ba ta. Sannan shi kansa Flagyl ɗin, yadda ake shan sa ya fi sunansa muhimmanci. Wani gwaji da aka buga a 2018 a Amurka ya nuna matan da suka sha gram 2 lokaci guda, kashi 19 cikin ɗari ba su rabu da cutar ba. Waɗanda suka sha miligram 500 safe da yamma na kwana 7, kashi 11 ne.

Hadiza: Kwana 7 da wannan ɗanɗanon ƙarfe a baki? Kai!

Aminu: Ai nan gizo ke saƙar. Ƙaiƙayi na lafawa sai a ajiye sauran ƙwayoyin.

Hadiza: Na shafawa a gaba fa, ba zai wadatar ba?

Dokta Maryam: Ba ya kaiwa inda ƙwayar ke ɓuya, kamar bututun fitsari. Sai dai maganin sha. Kuma ko wanne kika zaɓa, in maigida bai sha nasa ba, zai dawo miki da ita. A haƙura da saduwa har kowa ya gama magani, bayan wata 3 a sake gwaji.

Aminu: Shawo kan maigidan da ya ce lafiyarsa ƙalau, wannan kuma sai ku, Likita.