Amsoshin Tambayoyinku: Mai Shago Ya Ce Ba Ruwansa da Linux

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani ɗan'uwa a Aboabo, nan Kumasi, mai kula da kwamfutocin wata makaranta. Ya ce ya je Adum sayen saba, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe bayanan ɗalibai, sai mai shago ya ce masa idan ya sa mata Linux, wato babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da kowa ke da 'yancin amfani da ita da gyara ta, to babu garanti. Tambayarsa: ta yaya ake shawo kan masu ƙera waɗannan na'urori da dillalansu su goyi bayan manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su da gyara su?

To Malam, da farko dai mai shagon nan bai bibiyi kayan da yake sayarwa ba. Dell da HPE da Lenovo duk suna wallafa jerin manyan manhajojin da sabobinsu ke ɗauka, kuma nau'o'in Linux irin su Red Hat da Ubuntu da SUSE na ciki. Ka nemi lambar samfurin da kake so, ka duba ta a jerin, ka buga a takarda, ka koma ka ajiye masa a kan kanta.

Kada kuma ka ɗauka tausayi ne ya kai kamfanonin nan ga haka. Linus Torvalds ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Finlan. A ƙarshen shekarar 2000 IBM ta ce za ta zuba dala biliyan 1 a kansa, saboda ta ga inda masu saye suka nufa. Tun Nuwamban 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya dukkansu Linux suke ɗauke da shi. Kasuwa ce ta yi magana.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan kayan ciki, musamman katin haɗin intanet da katin RAID mai haɗa faya-fayan ajiya. Kowanne na buƙatar direba, 'yar manhajar da ke sada shi da babbar manhaja. Idan kamfani ya ɓoye bayanin yadda katinsa ke aiki, masu rubuta direba sai lalube. A 2007 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin jagororin Linux, ya yi wa kamfanoni tayin rubuta musu direba kyauta, su dai su ba da bayani. A shekarar ce AMD, mai ƙera katin hoton kwamfuta, ta fara sakin nata bayanin. Abokiyar gogayyarta Nvidia kuwa ta daɗe tana jan ƙafa, har Torvalds ya caccake ta a bainar jama'a a 2012, sai a 2022 ta buɗe wani sashe na direbobinta. Masu FreeBSD da OpenBSD, wasu manyan manhajoji masu kama da Linux, sun fi shan wannan wahala, don sau da yawa ba a ma ambatarsu a jerin.

Ni a ganina, roƙo ba ya sauya ra'ayin ɗan kasuwa, odar da ta kuɓuce masa ce ke sauyawa. Saboda haka ka tafi da filash mai Ubuntu a aljihu, ka ce a kunna na'urar da shi a gabanka. Ka duba ko ta ga faya-fayanta, ko intanet ya hau. A rubuta a rasit cewa garanti na nan ko da Linux. In ya ƙi, ka faɗa masa dalilin da ya sa za ka kai sidinka shago na gaba. Makarantu uku ko huɗu su haɗa oda ɗaya da wannan sharaɗi, za ka ga murya ta yi laushi.

Sai wata Hajiya daga Nima a Accra, tana tambayar ko tsofaffin sabobin da ake kawowa daga Turai za su ɗauki Linux. Hajiya, galibi sun fi sababbi sauƙi ma, don direbobinsu sun daɗe da shiga cikinsa. Batirin katin RAID kawai za ki sa a duba miki, da lafiyar faya-fayan, sannan ki haɗa da UPS, wato na'urar ajiye wutar lantarki, saboda ɗaukewar wuta.