Kyamara a Darasin Insha'i

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai leƙa ajin ƙaramar sakandare, inda yara 'yan shekara 11 zuwa 14 ke koyon rubuta ƙagaggen labari, da wata dabara da malamai suka runguma: a ba yaro kyamara ko wayar hannu ya ɗauko hoto, sannan ya zauna ya rubuta.

Duk malamin da ya taɓa koyar da insha'i ya san yadda ake yi. Ka rubuta take a allo, ka ce kowa ya cika shafi guda, sai aji ya yi tsit, ana ta tauna murfin biro. Yaron da ɗazu ya ishi abokansa da surutu, shi ne zai ce maka ba shi da abin cewa. Yana da shi kuwa, bakin zaren ne ya ɓace masa. Hoton da ya ɗauka da hannunsa shi ke miƙa masa bakin zaren, domin kafin ya danna sai da ya tsaya ya kalli wani abu, ya ga ya isa a ɗauka.

Dabarar ta girmi wayar hannu. Wata mai ɗaukar hoto 'yar Amurka, Wendy Ewald, ta fara ba yaran karkara kyamara a jihar Kentucky tun shekarun 1970, daga baya ta kai aikin makarantun gwamnati na birnin Durham da ke jihar North Carolina tare da Jami'ar Duke. Batutuwa huɗu ta fi ba yara: su kansu, iyalinsu, al'ummarsu, da mafarkinsu. Ku lura da na huɗun. Ta yaya ake ɗaukar hoton mafarki? Ba a tarar da shi a hanya. Dole yaro ya tuna abin da ya gani cikin barci, ya zaɓi wuri, ya nemi wanda zai tsaya masa, ya gaya masa yadda zai yi da fuska da hannuwa. Kafin ya ankara ya riga ya tsara labari, da jarumi da wuri da abin da ke faruwa, bai ko taɓa takarda ba.

A wancan zamanin da fim ake aiki, kuma fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ci. Ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke, don haka kowa na tunani kafin ya danna. Hatta kyamarar dijital ta farko, wadda injiniyan kamfanin Kodak Steven Sasson ya haɗa a 1975, sai ta shafe daƙiƙa 23 tana adana hoto guda baƙi da fari. Yau kafin daƙiƙa 23 su cika yaro ya tara hotuna rututu. A ganina nan ne haɗarin yake. Wanda ya dawo aji da hoto ɗari bai zaɓi komai ba, alhali zaɓi shi ne abin da ake son ya koya. Malami ya ƙayyade: hoto uku kawai, a cikinsu ka fitar da ɗaya, ka gaya mana dalili.

Daga nan sauran darussan rubutu ke fitowa. Ka sa yaro ya durƙusa ya ɗauki ƙofar aji daga ƙasa, sannan ya hau benci ya ɗauke ta daga sama, zai gane da idonsa cewa labari na sauyawa gwargwadon wanda ke ba da shi. Ka ce ya matsa kusa ya ɗauki hannun tsoho kaɗai maimakon mutumin gaba ɗaya, ya koyi cewa abu ƙarami guda ya fi dogon bayani kama zuciyar mai karatu.

Sai dai mafi yawan yara, da an ce su rubuta, da "a wannan hoto akwai" suke farawa, su lissafo kujera da taga da bishiya. Wannan bayanin hoto ne, kuma mai ido ba ya bukatarsa. Malami ya hana wannan jimlar tun farko, ya yi tambayar da hoton ba zai iya amsawa ba. Me ya faru minti guda kafin a ɗauka? Wa ke tsaye a gefe, inda kyamara ba ta kai ba? Wa ya bar takalmin nan, kuma me ya hana shi dawowa? Wani lokacin ma a yi musanya, kowa ya rubuta a kan hoton abokinsa, a ga yadda hoto ɗaya ke haifar da labari biyu.

Batun kayan aiki bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Waya ɗaya ta ishi yara huɗu ko biyar, kuma maki na rubutu ne, kada ɗan mai tsadaddiyar waya ya ci banza. Abin da ba a wasa da shi shi ne izini. Kada yaro ya ɗauki fuskar kowa sai ya tambaya, kuma hotunan su tsaya a aji. Shafuka irin su Facebook da Instagram ba su yarda wanda bai kai shekara 13 ya buɗe asusu ba, kuma da yawa daga cikin 'yan wannan aji ba su kai ba.

Mu kwana nan, jama'a, sai wani jiƙon.