Jigo da Take a Jarrabawar Turanci: Hira Daga Zariya

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro. Daga nan Zariya muke kawo muku wannan shiri, kuma yau za mu tattauna a kan wata tambaya da ke kayar da ɗalibai da yawa a jarrabawar Turanci, wato inda ake ba ɗalibi matani ya karanta, sannan a ce ya faɗi jigonsa ko ya zaɓa masa taken da ya dace. Ina tare da malamai biyu. Ɗaya dattijo ne da ya daɗe yana koyar da Turanci a sakandare kafin ya yi ritaya, ɗayar kuwa har yanzu tana riƙe da alli, tana shirya 'yan ajin ƙarshe. Allah gafarta Malam, barka da zuwa. Malama, sannu da zuwa.

Malam: Barka kadai, ɗana. Allah ya yi albarka.

Malama: Yauwa, sannu da aiki.

Mai gabatarwa: Malama, bari in fara da ke. Wani zai ce tambaya ɗaya ce tak a cikin jarrabawa, ina dalilin ba ta shiri guda?

Malama: A ido tambaya ɗaya ce, amma ƙwarewar da take aunawa ta ratsa kusan rabin takardar. A jarrabawar WAEC, takarda ta biyu ta Turanci tana da maki 100 a cikin sa'o'i biyu: insha'i yana da 50, auna fahimta 20, taƙaitawa kuma 30. Wanda bai iya rarrabe jigo da misalan da aka kawo domin ƙarfafa shi ba, to maki 30 na taƙaitawa sun riga sun fara zubewa daga hannunsa tun kafin ya ɗora alƙalami. A jarrabawar JAMB kuwa, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, Turanci yana da tambayoyi 60 daga cikin 180, kuma duka a sa'o'i biyu, ka ga ke nan kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu idan aka raba daidai. A can ne aka fi cin karo da tambayar take kai tsaye, da zaɓi huɗu a ƙarƙashinta. Duk yaron da ke burin shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ko Samaru ko Kongo, sai ya bi ta ƙofar JAMB da ta WAEC ko makamanciyarta.

Mai gabatarwa: Allah gafarta Malam, to mene ne jigon nan? Na ga ɗalibai da yawa suna ɗaukar cewa batun da ake magana a kai shi ne jigo.

Malam: Nan ne tushen ɓatan. Batu daban, jigo daban. Idan ka sadu da mutum ya fito daga masallaci ranar Juma'a ka tambaye shi a kan me liman ya yi huɗuba, ya ce maka a kan bashi, to batu ya faɗa maka. Idan ka sake tambayarsa me liman ya ce game da bashin, ya ce ya gargaɗi masu hali da su daina jinkirta biya, to yanzu ya ba ka jigo. Batu kalma ɗaya ce ko biyu, jigo kuwa cikakkiyar jimla ce mai ɗauke da matsayin marubuci. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yaranmu sun san wannan sarai a darasin Hausa. Ka ba su rubutacciyar waƙa ka ce su fitar da jigo su warware shi, za su yi ba gargada. Da zarar an juya harshe zuwa Turanci sai su ajiye wannan basira a bakin ƙofar aji, su shiga farautar kalmomin da suka fi yawan maimaituwa, kamar dai yawan ambaton abu shi ne nufin mai magana.

Malama: Baba Malam ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Bari in kawo abin da ya faru a ajina, domin gani ya kori ji. Na rubuta wa ɗalibaina matani mai sakin layi huɗu a kan tumatir, tunda abu ne da kowannensu ya sani. Sakin layi na farko ya siffanta kwandunan tumatir da aka sauke a kasuwa da hantsi, na ƙasa ya farfashe, ruwansa yana bin ƙasa, ƙudaje sun yanyame shi. Na biyu ya yi bayanin yadda kwandon kaba da ake jibgawa wani kan wani a bayan mota yake matse kayan, ga kuma ramukan hanya. Na uku ya yi magana a kan rashin wurin ajiya mai sanyi da ƙarancin masana'antun sarrafawa. Na huɗu ya nuna cewa akwatunan roba da shanya tumatir ya zama kauɗa suna rage asara. Daga nan na ba su take huɗu su zaɓa. Na farko, Noma a Najeriya. Na biyu, Illar Lalacewar Hanyoyi. Na uku, Asarar Tumatir Bayan Girbi da Hanyoyin Rage Ta. Na huɗu, Yadda Gwamnati Ta Yi Watsi da Manoma.

Mai gabatarwa: Ni dai da kunne nake ji, na uku zan ɗauka.

Malama: Kai ka ji shi ne a taƙaice da Hausa, kana zaune hankali kwance. Su kuwa da Turanci suka karanta shi, ina tsaye a kansu da agogo. Na huɗun nan shi ya kwashe mafi yawansu, alhali kalmar gwamnati ba ta fito ko sau ɗaya a matanin ba. Da na tambayi wani yaro mai hazaƙa, wanda mahaifinsa ke noman rani a fadamar Galma, me ya sa ya zaɓe shi, sai ya ce mini ai gaskiya ce, Malama. Har ya shiga ba ni labarin tsutsar nan da ta cinye gonaki a 2016, wadda aka yi wa laƙabi da ebolar tumatir, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman. Na ce masa duk abin da ka faɗa mai yiwuwa haka yake, amma ba a tambaye ka me ka sani game da tumatir ba, an tambaye ka me wannan takarda ta ce. Yaron ya fi ni sanin tumatir nesa ba kusa ba, kuma sanin nasa ne ya kayar da shi.

Malam: Wannan ita ce cutar yaro mai ƙoƙari, kuma ta fi wuyar magani a kan ta wanda bai gane Turancin ba. Mai shirya jarrabawa ya san da ita, shi ya sa yake dasa zaɓi guda da zai yi wa ɗalibi daɗi a zuciya, ko wanda ya yi kama da wa'azi. Mu kuwa mun tashi da tatsuniya, mun saba a ƙarshe a ciro darasi, don haka da yaro ya ga take mai nasiha sai ya ji shi ne ya fi nauyi. Sauran biyun kuma a wurin ɗinki nake misalta su. A cikin birnin nan, inda ɗinkin riga da hula ya zama gado, ba wanda zai yaba wa maɗinkin da ya yi wa yaro ɗan shekara goma babbar rigar ubansa. Noma a Najeriya babbar riga ce: matanin yana cikinta, amma har da shinkafa da rogo da kiwon kaji za su shige, a bar sauran wuri. Illar Lalacewar Hanyoyi kuwa hula ce kawai, ta rufe rabin sakin layi na biyu ta bar jikin a waje.

Mai gabatarwa: Akwai wata ƙa'ida da aka koya mana muna sakandare, cewa jigo yana cikin jimlar farko ta sakin layi na farko. Shin tana nan daram?

Malam: Tana da gaskiya a wani lokaci, kuma wannan wani lokacin ne ya sa take da haɗari. Marubutan Turanci suna son buɗe sakin layi da jimlar da ta ɗauki saƙonsa, sauran jimlolin su biyo da hujja da misali. To amma suna da wata ɗabi'a kuma: sai marubuci ya fara da ra'ayin da ya zo rushewa. Zai ce mutane da yawa sun yi imani da kaza, ya shimfiɗa shi da kyau har ka ɗauka nasa ne, sannan ya saka kalma ɗaya, *however* ko *but* ko *yet*, ya juya akalar. Abin da ya biyo bayan wannan kalma shi ne matsayinsa. Mu ma haka muke yi. Idan dattijo ya fara da cewa ɗan nan naka yana da ladabi, yana da ƙoƙari, duk Bahaushe ya san bai iso inda za shi ba, jira ake a ji amma. Kunnen da ke jiran amma a zaure shi nake so yaro ya shiga da shi ɗakin jarrabawa.

Malama: A matanin tumatir ɗin ma, sakin layi na farko hoto ne kawai, ba shi da jigo ko kaɗan. Wanda ya riƙe waccan ƙa'ida zai ce matanin a kan ƙazantar kasuwa yake. Sannan ina jan hankalin ɗalibaina ga *for example* da *such as*, domin duk abin da ya biyo bayansu bara ne ba maigida ba, da kuma *therefore* da *thus*, waɗanda galibi ke nuna inda marubuci ya sauke kayansa. A cikin zaɓin kuma su yi hattara da kalmomin yanke hukunci irin *all* da *never* da *only*. Idan matani ya ce wasu manoma, zaɓi ya ce duk manoma, to an sauya magana ko da sauran kalmomin iri ɗaya ne.

Mai gabatarwa: Da daƙiƙa 40 a hannu, ina ɗalibi zai samu sararin duk wannan? Wasu na cewa a fara karanta tambayoyin kafin matanin.

Malama: Ni ina cikin masu cewa haka, domin wanda ya san abin da ya je nema kasuwa ba ya yawo.

Malam: A nan zan ɗan saɓa da ke, 'yata. Ga tambayar da ke neman shekara ko suna ko dalili guda, na yarda da ke. Amma ga tambayar take, yaron da ya fara karanta zaɓi huɗun nan ya riga ya sha guba, domin zai shiga matanin yana neman abin da zai gaskata wanda ya burge shi, kuma zai samu, tunda daga cikin matanin aka yanko su. Ni abin da na riƙa koyarwa shi ne a karanta matanin sau ɗaya ba tsayawa, a ƙarshen kowane sakin layi yaro ya faɗa wa kansa abin da aka ce a kalmomi biyar ko shida, ko da da Hausa ne a zuci. A kwamfuta ba a jan layi, amma yana da yatsu: sakin layi huɗu, yatsu huɗu. Sai ya ƙirƙiri nasa taken kafin ya dubi nasu.

Malama: To mu raba gardamar, Baba. Ya karanta tambayoyin, amma ya kawar da ido daga zaɓin, kuma ya bar tambayar take ta zama ta ƙarshe ko da ita aka sa a farko, domin amsa sauran yakan mayar da shi cikin matanin sau biyu ko uku.

Malam: Wannan na karɓa.

Mai gabatarwa: Yaya wannan ƙwarewa take aiki a sashen taƙaitawa na WAEC, inda babu zaɓi?

Malama: A can za a ce maka, alal misali, ka kawo dalilai uku a jimloli uku. Aikin shi ne ka ciro jigon sakin layin da ya dace, ka zubar da misalai da kwalliya, ka rubuta cikakkiyar jimla da kalmominka. Wanda ya kwafo jimlar marubuci ɗungurungum yana rasa maki, kayan aro kuwa ba ya rufe katara, domin jimlar da aka ɗauko takan zo da tarkacen da ba a nema ba.

Mai gabatarwa: Allah gafarta Malam, wane atisaye yaro zai yi a gida ba tare da an kashe kuɗi ba?

Malam: Wanda na yi amfani da shi shekaru da dama almakashi kawai yake buƙata. Nakan sayi New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda a nan Zariya aka kafa ta a 1939, in yanke kanun labaran in zuba a aljihu, in raba wa yara gangar jikin labarin su sa masa kai. Bayan sun gama sai in fito da na editan mu gwada. Na Hausar nake fara ba su, domin su tabbatar wa kansu cewa sun iya, sannan mu koma na Turanci. Yau jaridu suna cikin waya, sai yaro ya sa ƙaninsa ya rufe kan labarin da yatsa. Sai dai a lura, edita yakan zaɓi abin da zai ja ido domin ya sayar da jarida, mai jarrabawa kuwa abin da ya game matanin yake nema, saboda haka shafin sharhi da ra'ayi ya fi labaran shafin farko amfani a wannan atisaye.

Mai gabatarwa: Saura tambaya ɗaya, Malama. Idan an zubar da biyu, biyu suka rage masu kama da juna, yaya za a yi?

Malama: Sai a juya tambayar. Ɗalibi ya ɗauki kowane take ya ce, da ni aka ba wannan a ce in rubuta insha'i, me zan rubuta? A ce a cikin zaɓin akwai Amfanin Akwatunan Roba, idan aka ba ni shi, zan rubuta sakin layi na huɗu ne kaɗai, ba abin da zai kai ni ga ɗakin sanyi. Idan aka ba ni Asarar Tumatir Bayan Girbi da Hanyoyin Rage Ta, dole in bi ta kasuwa, in bi ta mota, in bi ta wurin ajiya, in ƙare a kan mafita, wato in sake haifar da matanin da ke gabana. Wannan shi zan danna in wuce.

Mai gabatarwa: Mun gode, Allah gafarta Malam. Mun gode, Malama. A shiri na gaba za mu ɗauki tambayar da ake cewa a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata a cikin matani. Wassalamu alaikum.